Rabin Kiɗan Kawu Da Garinmu Bai Ji Ba

Kawu ya rasu ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar yankan dawa, kuma kafin azahar tsakar gidanmu ya cika har an fara shimfiɗa tabarmi a bakin titi. Ban san yana da jama'a haka ba. Shi ma na tabbata bai sani ba, don da ya sani da ya tashi ya tambaye su ina suka shiga duk shekarun nan.

Matan zumunta na cocinmu su suka fara isowa, da ɗaurin kallabinsu iri ɗaya, suka kewaye mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwarsa, kuma ita kaɗai ta rage masa cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya. Wata daga cikinsu da ta shafe shekaru tana mitar cewa farcen hannunsa na dama ya yi tsawon da bai dace da dattijo ba, ita ta fi kowa kuka. Maƙwabtanmu Musulmi suka zauna a zaure, suna shigowa bi da bi suna cewa Allah ya ba mu haƙuri. Wani tsoho da ya zo a kan babur daga Maska ya riƙe hannun babban ɗana ya ce, "Kakanka ya gyara mini rediyo tun ina saurayi, har yau tana magana." Wani kuma ya ce shi bai taɓa ganin mai taurin kai irin marigayi ba. Sai ya tuna inda yake, ya ƙara da cewa, amma fa taurin kai na gaskiya.

Da rana ta yi sanyi samarin unguwa suka kawo lasifika, suka haɗa da waya, suka sa kiɗansa ƙasa-ƙasa. Nan da nan mata suka shiga share hawaye. Na ji wata tana cewa, "Allah sarki, ashe bawan Allahn nan kiɗan makokinsa ya yi wa kansa tun yana saurayi." Sauran suka gyaɗa kai. Ni kuwa raina ne ya ɓaci, har na tashi na shige ɗaki don kada in faɗi abin da bai kamata a faɗa a gidan makoki ba. Abin da suke ji rabi ne. Ɗaya rabin, wanda Kawu ya ƙare rayuwarsa yana son garin nan ya ji ko da sau ɗaya, ba na kuka ba ne ko kusa. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, tunda ni ban iya kiɗa ba, rubutu kawai na iya, shi ma irin na malamar firamare.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kama sunana ba. "Uwata" yake ce mini tun ina rarrafe har na fara furfura. A wani ƙauye kusa da Malumfashi aka haife shi, ya yi makarantar mishan, a can ya fara taɓa ƙaramin fiyanon nan na coci da ake ba shi iska da ƙafa. Da ya tasa ya zo Funtua ya kama aikin lantarki a gidan gurzar auduga, a zamanin da auduga ke auduga, motoci na layi tun daga fuloti, wurin awon auduga, jirgin ƙasa na kwasa yana yin kudu da ita. A kulob ɗin ma'aikata ya fara riƙe jita. A can kuma ya ji faifan wasu Turawa masu dogon gashi da kan yi kiɗa guda ya cinye faifai gaba da baya, labari ɗaya daga farko har ƙarshe, babu tsayawa. Abin ya shiga ransa. Ya ce in su za su ba da labarin ƙasarsu haka, shi me zai hana ya ba da na gonar ubansa?

Suka haɗa 'yar ƙungiya. Shi a kan jita, wani Bayarabe a kan fiyano, wasu 'yan'uwa biyu daga kudancin Zariya, sai wani ɗan garin nan, Musulmi, ɗan gidan masu sayar da hatsi, a kan ganguna. Wannan na ƙarshen shi ne amininsa. Yanzu duk gari Alhaji ake ce masa, ni ma haka zan kira shi.

Abin da suka shirya shi ne shekarar manomin auduga, a kiɗe. Yana farawa da sharar gona, jita ita kaɗai tana tafiya a hankali. Sai ruwan farko, sai huɗa, sai shuka, duk kayan kiɗa sun shigo ana ta hidima. Waƙar baki kaɗan ce a ciki, 'yan kalmomi ne nan da can. Daga nan sai ruwa ya ɗauke. Kayan kiɗan su riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya, ganga ce ke fara yin shiru, sannan fiyano, har ya rage jita tana wani siririn kuka, tsiro yana laushi a rana. Sai ita ma ta ɗauke. A nan gefen farko na faifan ya ƙare. Idan ka juya shi, gefe na biyu yana farawa da ragowar shirun, mai tsawo, sannan yatsun mai ganga su fara sakin ɗigo, jita ta amsa, ruwa ya dawo.

Ikko suka je aka ɗauka. Faya-fayan da suka iso arewa ba su da yawa, ma'aikatan kamfani ne suka saye, kuma da harkar auduga ta ja baya suka watse da abinsu. Abin da ya shiga gari kaset ne. Wani mai ɗaukar kaset a bakin tasha ya sami faifan, ya ɗauki gefen farko, da ya ji shiru ya zaci an gama, ya cike bayan kaset ɗin da waƙoƙin Indiya. Daga wannan kaset kowa ya kwafa. Yau ma in ka je wurin masu tura waƙoƙi a waya, shi za su tura maka. Faifan Kawu na kansa kuwa zafin kwanon rufi ya lanƙwasa shi a kan kabad, shekarar da ya yi jinyar matarsa bai bi ta kan komai ba. Ta rasu ba su haihu ba, bai kuma sake aure ba. Ya buga ƙusa a bango ya rataye faifan, mu yara muna ganin abin ado ne.

Da yake rabin da mutane suka sani yana ƙarewa da wannan kukan jitar, sai ya zama kiɗan baƙin ciki a wurinsu. Har a rediyo akan sa shi a bayan sanarwar rasuwa. Duk lokacin da ya ji, sai ya miƙa hannu ya kashe, ko da kuwa rediyon wani ce aka kawo masa gyara.

"Sun mai da ni makaɗin gawa, Uwata," in ji shi. "Ni da na yi kiɗan ruwa."

Za a ce me ya hana ya kaɗa musu sauran a wurin biki? Ya gwada. Amma kun san halinmu, makaɗi ba ya yin nisa sai wani ya taso da babbar riga ya fara liƙi, yana jiran a kama sunansa da na ubansa da na kakansa. Kawu kuwa ba ya kama sunan kowa. Sai ya rufe ido ya ci gaba da abinsa, mai liƙi ya tsaya tsuru-tsuru a tsakar fili, ya koma ya zauna rai a ɓace. A bikin wata 'yar gwaggonmu uban ango ya ƙwace makirfo da kansa ya ce a sa musu abin da za a taka. Kawu ya naɗe wayar jitarsa ya fita ko abinci bai ci ba. Mahaifiyata ta bi shi har ƙofar gida tana cewa, "Yaya, don Allah, kama sunan mutum ɗaya zai kashe ka?" Ya ce ai babu wurin da zai sa sunan, tsakanin huɗa da shuka ba a tsayawa gaisuwa. Daga baya aka daina gayyatarsa, shi ma bai nemi kowa ba.

Ƙungiyar ta watse tun kafin in yi wayo sosai. Bayarabe ya koma gida, 'yan'uwan nan biyu suka rasu ɗaya bayan ɗaya. Alhaji kuwa mahaifinsa ya rasu ya bar masa rumfar hatsi da iyali, ya je Makka ya dawo, ya ce ya bar ganga har abada. Ba su yi faɗa ba a lokacin. Kowace Babbar Sallah cinyar rago na zuwa gidanmu, kowace Kirsimeti shinkafa da kaza na zuwa gidansa. In sun haɗu a hanya Alhaji ya ce, "Ɗan mishan, kana nan?" Kawu ya ce, "Ina nan, Alhaji," yana jan kalmar Alhajin yadda mai ji zai san da magana a ciki. Maganar kiɗa ce kawai ba sa yi.

Haka ya zauna a ɗakinsa na bayan gidanmu, da ɗan shagon gyaran rediyo a bakin titi. Da rediyo ta ja baya ya koma gyaran lasifikar coci da ta masallatan unguwa. Yana da 'yar gona a hanyar Bakori da bai taɓa shuka komai a ciki ba sai auduga, har bayan kowa ya koma masara da waken suya. In an ce masa ba ta da riba sai ya ce shi kallonta yake so. Injin niƙan maƙwabtanmu in ya tashi sai ya karkata kai ya saurara, ya ce yau muryarsa ta sauka, a duba bel. Kuma in aka duba, bel ɗin ne.

Kalmar bakinsa ita ce "ba a gama ba." In ka tashi daga kan tuwo da saura a kwano, ba a gama ba. In Fasto ya rufe littafi mutane suka fara neman takalma tun kafin albarka, za ka ji shi daga bencin baya, ba a gama ba. Yaran unguwa har suna suka sa masa da ita, suna faɗa in ya wuce, shi kuma ko a jikinsa.

Akwai abin da ya yi mini da ba zan manta ba. Shekarar da mijina ya rasu na dawo gida da yara ƙanana, na shiga ɗaki na ƙi fita. Kowa ya zo sai ya yi mini wa'azi, wannan ta karanta aya, waccan ta ce in dubi yaran. Duk gaskiya suka faɗa, amma ni kunnena ya gaji. Kawu shi kaɗai ne bai ce komai ba. Kullum bayan azahar sai ya rufe shago, ya zo ya kife turmi a ƙofar ɗakina ya zauna. Ba ya sallama da ƙarfi, ba ya tambayar yaya na kwana. Ina jin numfashinsa ta bayan labule, har rana ta yi sanyi ya tashi. Mahaifiyata ta ce masa in ba zai yi magana ba me ya zo yi? Ya ce zama ya zo yi. An daɗe ana haka. Wata rana sai na ji yana wani ɗan kiɗa da baki, a hankali, mai daɗi, irin wanda ƙafa ke bi ba ta sani ba. Ban taɓa jinsa ba. Da ya kai wani wuri ya tsaya ya ce, "Uwata, hadari ya haɗo a gabas, ga shanyarki a waje." Na fito na kwashe shanya. Wannan ce fitata ta farko, kuma ranar na fara jin ɗan guntun gefe na biyu.

Da tsufa ya kama shi, sanyin ƙashi ya sauka a yatsunsa. Da safe sai ya tsoma hannu a ruwan ɗumi, ya shafe da man kaɗanya, kafin ya iya riƙe cokali. A farkon ranin da ya wuce ya kira ni ɗakinsa ya buɗe mini tafin hannunsa, yatsun sun fara karkacewa.

"Kin ga waɗannan? Baɗi ba za su yi ba. Ina so in kaɗa shi duka, daga shara har jirgi, a gaban mutane. Sau ɗaya."

Fasto ya samo mana ɗakin taro na wata makaranta. Makaɗan cocinmu suka yarda za su bi shi, wani tela a kan fiyano, wani ma'aikacin jinya a kan babbar jita, wani direba a kan ganguna, dukkansu magidanta masu iyali. Su ma rabin kawai suka sani, don haka da baki ya koya musu sauran, a shagonsa, kullum da yamma. Telan ya ce mini ko a wurin ubangidansa na ɗinki bai sha faɗa haka ba.

Amma ba direban yake so a kan ganga ba. Wata ranar kasuwa ya ce in raka shi rumfar Alhaji. Muka same shi zaune a kan buhun masara yana jan carbi. Aka gaisa, aka kawo ruwa, aka yi maganar farashin taki. Sannan Kawu ya ce, "Ba duka nake so ka kaɗa ba. Shigowar ruwa kawai. Yatsu biyu."

Alhaji ya dubi ƙasa. "Ɗan mishan, na yi alkawari a wurin da ba a warware alkawari."

"Ni ma ka yi mini alkawari a Ikko."

"Wancan yaro ne ya yi maka. Ka dube ni. Ina da surukai, ina da jikoki, a sahun gaba nake tsayawa. In hau ganga a gaban jama'a in ce musu me?"

"Ka ce musu ruwa ka kawo."

Alhaji ya ce Allah ke kawo ruwa. Kawu ya miƙe ya ce ai ya sani, a makarantar mishan ma an koya musu. Ya fita ba sallama, na biyo shi ina ba Alhaji haƙuri da ido. A hanya, da muka zo tsallaka layin dogo, sai ya ce, "Ba shi da laifi. Amma babu mai hannunsa." Na ji tausayinsu su duka biyu.

Ni ma mun yi tamu rigimar. Na ce masa, "Kawu, mutanen nan shekara da shekaru sun san in jita ta yi shiru an gama. Bari mai gabatarwa ya gaya musu tun farko cewa akwai shiru a tsakiya, su zauna." Ya ce a'a. Na ce to a rubuta a jikin takardar gayyata. Ya ce a'a. Na ce to ya rage tsawon shirun. Nan ya dube ni kamar na zagi mahaifiyar da nake ɗauke da sunanta.

"Uwata, kin taɓa ganin manomin da ruwa ya ɗauke masa bayan shuka? Zuwa yake ya tsaya a bakin gona ya dubi gabas, ba ya cewa komai. Wa ke zuwa ya raɗa masa ranar da zai dawo? In sun san zai dawo, ai ba jira suke ba, hutu suke. Ni so nake gabansu ya faɗi."

Na yi juyin duniya ya ƙi. Mahaifiyata ta sa baki, Fasto ya sa baki, ya kafe. Har mai gabatarwa ya ja wa kunne cewa kada ya kuskura ya taɓa makirfo sai ya ga an ajiye jita a ƙasa. Na faɗa a gabansa, zan kuma faɗa a bayansa, taurin kan Kawu ya fi na jakin da ya ga gada. Amma kiɗansa ne, ba nawa ba.

Cikin bazara aka yi, wata Asabar bayan azahar, ana zafi kowa na duban sama. Ɗakin ya cika maƙil. Mutane sun zo daga Tsiga, daga Maska, daga ƙauyukan Malumfashi, babura sun cika harabar makarantar. Aka ɗauko mai kyamara. Kawu ya fito da farar riga da mahaifiyata ta goge masa, ya zauna a kujera don tsayuwa ta fi ƙarfinsa. Da ya taɓa jitar ɗakin ya yi tsit. Yatsun da ba sa iya riƙe cokali, ranar ban san inda suka samo ƙarfi ba. Wani mai babbar riga ya taso zai yi liƙi, ya ga idon Kawu a rufe, ya zube abinsa a ƙasa ya koma da sanɗa. Aka yi shara, aka yi huɗa, aka yi shuka. Ruwa ya ɗauke. Ganga ta yi shiru, fiyano ya bi ta, jita ta yi kukanta har tsofaffin maza na goge ido da bakin riga. Sai ta ɗauke.

Wani daga baya ya fara tafi, ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka. Masu ɗauka da waya suka sauke hannu. Mutane suka miƙe. Ba don raini ba, wallahi. Rana ta karkata, kuma duk wanda zai bi hanyar ƙauye ya san ba a bari yamma ta yi masa a kanta a wannan zamanin. Wasu suka nufo gaba don su gaishe shi, suka tarar da shi ido a rufe, tafin hannu a kan igiyoyin jita. Suka zaci addu'a yake, ko kuka ne ya ci ƙarfinsa, sai suka ja da baya a hankali don kada su dame shi, suna yi wa na bayansu alama su fita ba hayaniya. Mai kyamara ya naɗe kayansa, yana da biki a Bakori. Mai gabatarwa ya dube ni, ya dubi makirfo, ya dubi jitar da ba a ajiye ba, ya tsaya kamar an dasa shi.

Na ruga bakin ƙofa na buɗe hannuwa ina cewa, "Ba a gama ba! Don Allah ku koma, ba a gama ba!" Wasu suka yi dariya, sun zaci kwaikwayon Kawu nake. Wata tsohuwa ta dafa kafaɗata ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malama, Allah ya saka." Wani ya ce, "Hanya, Malama, kin san halin da ake ciki." Babura suka tashi ɗaya bayan ɗaya. A nan na hango Alhaji a gindin dalbejiyar da ke bakin taga, a kan benci, hula ta sauko goshi, carbi a hannunsa amma ba ya ja.

Kawu yana jin ƙarar kujeru, yana jin tashin babura, amma bai rage shirun ba ko da ƙiftawar ido. Da lokaci ya yi, direban ya saki ɗigon farko. Waɗanda suka rage a ɗakin su ne ni da mahaifiyata da Fasto da mai gabatarwa, da wasu tsofaffi da gwiwa ta hana su tashi da wuri, sai maigadin makarantar da ya fara tattara kujeru ya tsaya da ɗaya a hannu.

Ina ma in iya rubuta muku abin da muka ji. Jita ta amsa wa ganga, kamar mutum ya fito ƙofar ɗaki ya ɗaga fuska. Sai ruwa ya kece. Aka yi noma, aka yi maimai, auduga ta yi fure, ta fashe fari ƙal. Wurin tsinka akwai 'yar waƙa da mata ke amsawa, mahaifiyata ta tuna ta daga ƙuruciya ta amsa ita kaɗai, tana taka ƙafa daga zaune. Aka kai fuloti, aka hau sikeli, injin gurza ya tashi, duk kayan kiɗa na gudu tare. A ƙarshe jirgi ya yi kuka ya tashi, ƙararsa na raguwa har ta ɓace. Kawu dariya yake yi tun daga shigowar ruwa, ido a rufe, haƙoransa da suka rage duk a waje. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin wannan ba, ban kuma taɓa ganin mutum shi kaɗai haka ba.

Ya sunkuya ya ajiye jita a ƙasa, sannan ya buɗe ido ya dubi kujeru.

Na ce, "Sun tafi, Kawu."

"Na ji tafiyarsu. Ke kin ji ruwan?"

"Na ji."

"Ƙanƙara direban nan ya zubo, ba ruwa ba. Kada ki gaya masa." Ya murza yatsunsa. "Ya zo?"

Na ce yana waje, gindin dalbejiya. Muka leƙa ta taga, bencin babu kowa. Kawu ya gyaɗa kai ya ce in ɗauko masa sandarsa.

Washegari da safe ya aiki ɗana ya sayo reza, ya yanke farcen nan na dama da yake kaɗa jita da shi. Ranar Lahadi matar nan ta zumunta ta gani ta ce, "Yauwa, Baba, yanzu ka zama dattijo." Ya yi murmushi ya ce ai lokaci ya yi. Ina jin abin da ta tuna ke nan ranar da take kuka. Bai sake taɓa jita ba. Damina ta sauka ya sa aka shuka masa audugarsa, yana zuwa a bayan babur ya tsaya a bakin gona ya dawo. Bai yi wata doguwar jinya ba. Ya tafi ya bar audugar a fashe, ba a tsinka ba. Ubangijin da ya ba shi wannan kunne ya karɓe shi, ya hutar da yatsunsa, ya zaunar da shi cikin masu haƙurin sauraro.

Alhaji bai zo ranar farko ba, buhun shinkafa ya aiko. Washegari ma bai zo ba, har mahaifiyata ta fara cewa ashe abota ma tana tsufa. Sai a rana ta uku bayan la'asar ya yi sallama. Bai tsaya a zaure wurin maza ba, ya shigo har tsakar gida, ya zauna a gefen tabarmar mahaifiyata ya ce, "Ƙanwata, sai haƙuri." Ta ce, "Haƙuri ya zama dole, Alhaji." Aka kawo masa ruwa a kwanon sha, ya shanye, ya riƙe kwanon.

Lasifikar samarin tana gefe tana ta abinta. Jita ta yi kukan nan, ta ɗauke. Masu gaisuwa suka ga wuri ya samu na tashi, aka fara gyara mayafi ana laluben takalma. Ɗana ya miƙa hannu zai mai da kiɗan farko.

Alhaji ya ɗaga hannu. "Ku dakata," in ji shi. "Ba a gama ba."

Ba wanda ya yi dariya. Mutane suka koma suka zauna, don Alhaji ba mutumin da ake tsallake maganarsa ba ne. Ya ajiye carbinsa a kan tabarma, ya kife kwanon a kan gwiwarsa, ya sunkuyar da kai. Shirun ya yi tsawo har wata ta yi tari, jariri ya motsa a bayan uwarsa, kaza ta ratsa tsakar gida. Ni kaina da na san abin da ke zuwa sai da gabana ya faɗi.

Sai ya sa yatsu biyu a gindin kwanon. Ɗigo ɗaya, can wani, can wasu biyu kusa da juna, irin yadda yake fara sauka a kan kwanon rufi har ka ce ko kunnenka ne. A nan na gane abin da Kawu yake nufi da ƙanƙara. Ɗigon ya fara haɗuwa, yana ƙaruwa, mahaifiyata ta kama hannuna ta matse. Sai Alhaji ya tsaya, yatsunsa a sama, hawaye na bin gemunsa.

"Daga nan shi ke shigowa," in ji shi.

Duk tsakar gidan muka juya muka dubi ƙofar ɗakin Kawu, muka jira. Wannan karon babu wanda ya tashi.